Ɓarɓashin Alƙalami

Jirgin fito na farko ya yi kuka a gaɓar Uskudar,
ni kuwa tun ɗazu na fasa ƙwai uku.
Gwaiduwa rabon kyanwa ce.
Farin nake kaɗawa da alif
har ya saki jiki ya koma ruwa,
in shafe takarda, in jingine ta a bayan kabad.
Sai baɗi war haka za ta karɓi harafi.
Takarda ma sai ta shekara tana koyon shiru.

Tawadata kunkunniyar fitila ce da ƙaro,
kwana goma sha tara a turmi
har kafaɗata ta fara yi mini tsegumi.
Baƙinta ba na fushi ba ne,
baƙin idon jariri ne, mai ruwa a ciki.

Rustem mai gashin burodi ya leƙo ta taga:
"Muzeyyen, har yanzu wau ɗin jiya ce?"
Ita ce.
Kanta ya sunkuya daidai, wutsiyar ce ta ƙi zama.
Ya yi dariya, ya ajiye mini mai riɗi guda biyu.
Shi kafin hantsi ya sallami mutum ɗari.
Ni kafin azahar, in Allah ya so, layi ɗaya.

Aikin wani matuƙin jirgi ne a gabana.
Wasiƙun mahaifinsa ya kawo a ledar magani,
ruwan teku ya cinye rabin gaisuwar.
Ya ce in mai da su littafi.
Na ce kwana arba'in.
Yau wata bakwai.
Ba ya ƙorafi, sai dai ya zo ya tsaya a bakin ƙofa
yana murza hula, yana kallon sunan uwarsa
inda na kewaye shi da ganye da ruwan zinariya.

Zinariya ba ta son gaggawa.
Da yatsa nake murza ta a faranti, da ɗigon zuma,
tun la'asar har fitilun gada su kama.
In ta hau takarda, dishi-dishi take kamar ƙasa,
sai dutsen guga ya bi ta kanta
sannan ta tuna ko ita wace ce.

Jiya hannu ya ci amanata.
Ina jan cikin nun, numfashi a riƙe,
sai ya yi rawa, rawar da ba ni na sa shi ba.
Na duƙa na lashe kuskuren tun yana ɗanye,
yadda Malam Feridun ya koya mini ina 'yar sha huɗu.
Jikata Nilufer ta ga harshena baƙi ƙirin,
ta ce, "Kaka, a wayata sharewa ake yi."
Na ce, to, ke ba ki san ɗanɗanon naki kuskuren ba.
Nawa ɗaci-ɗaci ne, da ɗan ƙaurin hayaƙi.

Akwai gwangwanin shayi a ƙarƙashin teburin nan.
Duk alƙalamin da na fiƙe, shekara hamsin da ɗaya,
ɓarɓashinsa yana ciki, ko ƙwaya ban share waje ba.
Na bar wasiyya:
ranar da za a yi mini wanka,
da shi za a hura wutar ɗumama ruwan.
Nilufer ta jijjiga shi, ta ce ba zai tafasa ko kofi ɗaya ba.

Ta yi gaskiya.
Shi ya sa na jawo wuƙa,
na zaɓi sabon kara, na gwada shi a farce.
Jirgi na biyu yana kuka.
Wau tana jirana da kanta a ƙasa.